Gargaɗi kan masu na'urar gwajin kitsen jini da maganin "wanke jijiya" a Zariya

Jama'ar Zariya da kewaye, ina jawo hankalinku ga wasu mutane da ke kafa tebur a bakin kasuwanni da tashoshin mota, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada da Samaru. Suna zuwa da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da suke damƙa wa mutum a tafin hannu, bayan ɗan lokaci su nuna masa jan rubutu, su ce kitse ya toshe masa jijiyoyin jini, saura ƙiris ɓarin jikinsa ya shanye. Idan tsoro ya kama shi sai su fito da kwalaben wani ruwan magani mai tsada, su yi alkawarin zai wanke jijiyoyin tas cikin mako guda. Iyayenmu masu hawan jini da ciwon suga su ne suka fi faɗawa hannunsu.

Ba a auna kitsen jini sai an ɗebi jini, saboda haka rubutun wannan kwamfuta ba sakamakon gwaji ba ne. Amma babbar ƙaryar tana cikin bayaninsu, domin suna kwatanta jijiya da kwatar da maiƙo ya cushe, wadda za a kwarara wa ruwa ta buɗe, alhali cutar a cikin bangon jijiyar take.

Kolestarol, wani nau'in kitsen jini, ba ya narkewa a jini, don haka wasu ƙananan ƙunsoshi na furotin da kitse ne ke ɗauke da shi, kuma wanda ake kira LDL shi ne mai yawan ɓarna. Idan ya yi yawa, yakan kutsa ƙarƙashin siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya, ya maƙale a can, sinadaransa su gurɓace. Garkuwar jiki sai ta ɗauke shi a matsayin baƙon abu, fararen ƙwayoyin jini su bar magudanar jinin su shiga bangon, su rikiɗe su zama makrofaj, ƙwayoyin da aikinsu haɗiye datti. Suna ta haɗiyar gurɓataccen LDL ba ƙaƙƙautawa har su cika da kitse, suna kuma sakin sinadaran kumburi, irin su intalukin-1, waɗanda ke kiran wasu ƙwayoyin su zo. Da yawansu a nan suke mutuwa, gawarwakinsu da kitsen su taru su zama dunƙule mai murfin tsoka da zare. Wannan aiki na shekaru ne, yakan fara tun mutum yana matashi ba tare da ya ji komai ba. Ranar da kumburin ya cinye murfin har ya fashe, jini ya daskare a wurin, ita ce ranar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Tun 1913 Nikolai Anichkov ya nuna a Rasha cewa zomayen da aka ciyar da kolestarol suna kamuwa da wannan cuta, kuma a 1985 Michael Brown da Joseph Goldstein na Amurka suka sami lambar Nobel saboda gano yadda ƙwayoyin jiki ke janye LDL daga jini. A 2017 binciken CANTOS, wanda ya ƙunshi mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa allurar da ke toshe intalukin-1 ta rage aukuwar bugun zuciya da makamantansa da kusan kashi 15 cikin ɗari ba tare da ta rage kitsen jinin ba, sai dai ta ƙara haɗarin mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta. Abin da masana suka yi shekara ɗari suna fama da shi ke nan mai tebur yake cewa zai gama da shi a kwana 7.

Wasu daga cikin waɗannan ruwan magani zawo kawai suke sawa, mai sayarwa ya ce kitsen ne ke fita. Zawo mai yawa yana ƙarar da ruwan jiki, yana kuma iya taɓa ƙodar dattijon da ke shan maganin hawan jini. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda suke cewa a ajiye maganin asibiti har a gama nasu. Magungunan sitatin da likitoci ke rubutawa suna rage LDL, suna kuma rage haɗarin fashewar dunƙulen, amma sai an dage da shansu, kuma wanda ya bar maganin hawan jininsa ya kusantar da kansa ga shanyewar da yake gudu.

Duk mai shakkar lafiyarsa ya je asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko wanda ya fi kusa da shi, a ɗebi jininsa a auna LDL, a duba hawan jini da suga. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, kwalbar da ba ta da lamba kuwa a kai rahotonta ga hukumar. Wanda yake da tsoho a gida ya duba ko akwai irin wannan kwalba a ɗakinsa, ya tambaye shi cikin ladabi ko yana ci gaba da shan maganin likita, idan ya daina a mayar da shi asibiti cikin gaggawa tare da kwalbar.