Faci ko canji: taya mai ƙusa da taya mai kumburi

Wani ɗan'uwa daga Kubwa ya yi tambaya: Corolla ɗinsa ta taka ƙusa a tayar baya, ta gaba kuma ta yi kumburi a gefe bayan ya faɗa rami, ga shi zai je Jos. Ya kai wa mai faci ne ko ya saya?

Malam, tayoyin nan biyu ba hukuncinsu ɗaya ba. Mai ƙusa tana karɓar faci, muddin hujin yana kan zanen da ke taka ƙasa, kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. Sai dai faci iri biyu ne. Akwai igiyar da ake cusawa daga waje ba tare da an cire taya ba. Wannan na fitar da kai ne daga hanya kawai. Na ƙwarai shi ne a raba taya da rim, a duba cikinta, a kankare wurin, a liƙe daga ciki. Idan an ga baƙin garin roba a ciki, an yi tafiya da ita ba iska, ta riga ta ci kanta.

Mai kumburi kuwa ba ta da magani. Zaren da ke riƙe gefen ne ya tsinke, iska ta turo roba waje. Gefen taya yana lanƙwashewa a kowane juyi, don haka ba facin da zai zauna. A cikin gari za ta iya yaudararka kwana da kwanaki, amma ka ɗauko kaya daga Keffi zuwa Akwanga, ta ɗau zafi, sannan ga Hawan Kibo, nan ne ake jin fashewa. Tayar gaba ce fa, sitiyari zai ƙwace.

Kafin ka biya kuɗin facin ma, duba abu biyu. Cikin ramin zane akwai 'yan tudu. Idan zane ya yi daidai da su, ya kai milimita 1.6, ta ƙare, da damina ba za ta kama burki ba. Sai lambar da ke farawa da haruffan DOT a gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanin taya na Michelin na cewa a riƙa bincikarta duk shekara bayan shekara 5, kada ta wuce 10. Da zafin Abuja, wadda ta fara tsattsagewa ba ta jiran goman.

Wannan ne matsalar tayar Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, da za a nuna maka a kasuwar kayan mota ta Apo: zane fes, shekaru sun ja, wasu ma na sanyin Turai ne, masu alamar dutse da ƙanƙara, robarsu na saurin cinyewa a kwaltarmu.

In za ka saya, sayi biyu iri ɗaya, girman da ke rubuce a jikin ƙofar direba, misali 195/65 R15. Sabbin su koma baya, don kada bayan mota ya zame a ruwa. A canja bawul, a yi balansi, a duba alaiminti tunda ramin da ya fasa zare kan karkatar da ƙafa. A ɗaure noti ɗaya, a tsallake na kusa da shi a ɗaure na gaba, iska kuma a gwada da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya.