Sikanan Epson V600 ko kyamarar dijital: wanne ke fitar da kamannin fim na gaskiya?

Wani ɗan'uwa cikin ƙungiyarmu ta masu hoto a nan Maradi ya tambaya: yana da negatif masu launi na milimita 35, galibi Kodak Gold 200, ya juya launinsu a kwamfuta don su koma hoto na zahiri, sun fito shuɗi fatau. Shin ya kamata ya sayi V600, na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta, ko ya ɗauke su da kyamararsa?

Malam, shuɗin nan ba laifin na'ura ba ne. Negatif na wankin C-41, wato wankin da ake yi wa fim mai launi irin naka, yana da launin ruwan goro a jikinsa, da gangan aka sa shi don ya gyara kasawar rinin fim ɗin. In ka juya hoto ba ka cire shi ba, goron ne ke komawa shuɗi. Ko wace hanya ka bi, sai ka bar ɗan gefen fim da haske bai taɓa ba ya shiga hoton, ka daidaita fari a kansa, sannan ka juya. Daga nan ka saita iyakar baƙi da ta fari a ja, kore da shuɗi, kowanne daban. Negative Lab Pro a cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom na yin wannan, haka ma negadoctor na manhajar darktable, wadda kyauta ce.

Wajen kaifi kyamara ce gaba. An rubuta dpi 6400, wato ɗigo 6400 a kowane inci, a kwalin V600, amma abin da idonsa ke gani da gaske bai kai rabin haka ba. Hoton 35 faɗinsa milimita 24 ne da 36 kacal, shi ya sa tsakin fim, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin hoton, wanda shi ne rabin kyan abin, yake fitowa a dame kamar kunu. Kyamara mai megafiksel 24 da gilashin makro 1:1, mai ɗaukar abu kusa-kusa, tana nuna tsakin ɗaya bayan ɗaya. Sai dai tana son natsuwa. Saita ta a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba), ISO 100, f/8, jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. Ɗora ƙaramin madubi a inda fim zai zauna, ka gyara tsayuwar kyamara har gilashinta ya bayyana a tsakiyar hoton, in ba haka ba gefe guda zai yi dishi-dishi. Fitilar da ke haska fim daga ƙasa ta zama mai CRI (ma'aunin ingancin launin haske) 95 ko sama, a rufe kewayenta da baƙar takarda, a kashe wutar ɗaki. Hasken da ya ɓuya ta gefe shi ke kawo tabon ruwan goro a kusurwa bayan an juya. Fuskar waya ba fitila ba ce, ɗigoginta za su fito cikin hoton.

Ƙura kuwa, nan ne V600 ke ramawa, kuma wanda ya san hunturun Maradi ba zai raina wannan ba. Yana da Digital ICE, wani haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa rinin launi amma ƙura da ƙarzuwa na tare shi, sai na'urar ta gane su ta share. A fim mai launi yake aiki, ban da baƙi-da-fari mai azurfa. Da kyamara, duk ƙwayar ƙura farin ɗigo ce da za ka goge da hannu. Robar hura iska dole ce, ba a hurawa da baki.

Saurin aiki na kyamara ne: nadi mai hoto 36 a mintoci kaɗan, kuma da batir, ko an ɗauke wuta. V600 na ɗaukar hoto 12 a zubi guda, amma in ICE na kunne kowanne sai ya ci mintoci. In shi ka zaɓa, sa dpi 2400 zuwa 3200, ajiye hoton a fayil ɗin TIFF mai bit 48, ka kashe ƙarin kaifi da rage tsaki da gyaran launi na kai-tsaye. Su ne ke mayar da fuskar mutum sumul kamar roba. Negatif da zafin bazara ya lanƙwasa, a sa shi a rigarsa a danne da littafi kwana 2, don in ya taɓa gilashin sikana zobba masu launin bakan gizo za su fito.

Tunda naka 35 ne kuma kana da kyamara, mun fi ba ka shawarar gilashin makro da fitila mai kyau. V600 na mai fim 120 ne, wanda ya fi 35 faɗi, ko mai tarin tsofaffin negatif na biki da suna waɗanda suka sha ƙura. Bayan juyawa, ka auna launi da farar shadda da fatar fuska, ka bar ɗumin Gold yadda yake, kada ka haskaka wuraren inuwa da yawa: a nan negatif ya fi siranta, kuma in ka matsa masa kore-kore da tsaki mai kaushi za ka samu.