Kamfanin agajin mota a Birtaniya: aikinsu abin yabo, kuɗin sabuntawarsu abin takaici

Duk wanda ke tuƙi a Birtaniya ya san irin waɗannan kamfanoni. Kana biyan su kuɗi na shekara, ranar da mota ta mace maka a hanya ka kira, su aiko da bakanike, in gyara ya gagara su aiko da janwe. Manyansu su ne RAC, wanda asalinsa tun 1897, da AA da aka kafa a 1905, da Green Flag da ya fara a Bradford a 1971, sannan ga ƙanana birjik. Na daɗe ina tare da ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, kuma a kan shi zan yi magana. Ra'ayina ya kasu biyu: ma'aikatansu na kan hanya sun cancanci kowane yabo, amma masu yanke farashi a ofis ba su da kara ko kaɗan ga wanda ya zauna da su.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, a yankin Leeds da kewaye. Mota ita ce ƙafata. Idan ba ta tashi da safe ba, akwai dattijuwar da ba za ta sha maganinta a kan lokaci ba, akwai tsohon da zai zauna a gado yana jiran wanda zai tashe shi. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar wannan kuɗi a matsayin almubazzaranci ba. A gida mutum yana da lambar bakanikensa a waya, ya kira shi ya hau babur ya zo. A nan ba ka da kowa sai wanda ka biya tun kafin matsala ta zo.

Kuma sun fitar da ni kunya. Wani dare na hunturu a kan babbar hanyar M62, can saman tsaunukan da ke tsakanin Leeds da Manchester, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, da ƙyar na gangara gefe. Wanda ya san wurin ya san irin iskar da ke kaɗawa. Nan ne babbar hanya ta fi tudu a duk Ingila. Matar da ta amsa wayata abin da ta fara tambaya shi ne ko ni kaɗai ce, ko akwai yara. Ta ce in fita ta ƙofar hagu, in tsallake shingen ƙarfe in tsaya bayansa, kada in zauna cikin motar komai sanyi. Da bakaniken ya iso, sai ya ajiye motarsa a bayan tawa, ya karkatar da tayoyinta, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ce in shiga tasa in ji ɗumi. Ya buɗe gaban motar da tocila a goshi, ya zaro guntun bel ɗin da ya tsinke ya miƙo mini in gani da idona, baƙin roba ya zama zare-zare. Ya ja ni har garejin da ke kusa, ya tsaya sai da ya ga maigidana ya iso. Har yau ina yi wa mutumin nan fatan alheri.

To, abin da ke ɓata wannan duka shi ne takardar da ke zuwa kowace shekara. Na shiga da kuɗin da bai kai fam 100 ba. Kowace shekara a ɗora wani abu, ba mai yawan da zai sa ka tada jijiyar wuya ba, kuma tunda na ba su damar cira kai tsaye daga asusuna, sai dai in ga an cire. A hankali a hankali har ya haura fam 200, alhali motar ita ce dai, gidan shi ne dai, abin da na saya bai ƙaru da komai ba. Ɗan yayata da ke karatu a nan ne ya ga takardar a kan tebur. Ya ce, "Anti, kin duba nawa suke sayar wa sabon shiga?" Ya buɗe shafinsu na intanet, ya zuba bayanan motata da lambar unguwarmu kamar yau zan fara. Abin da ya fito bai wuce rabin abin da suka rubuto mini ba.

Na kira su. Wanda ya ɗauka ya fara da bayanin tsadar rayuwa, da cewa wancan farashi garaɓasa ce ta maraba da baƙo. Na ce to a rufe mini. Nan take ya miƙa ni ga wani sashe, kuma wannan na biyun, cikin fara'a, ya ce bari ya duba abin da zai iya yi mini. Ban gama gyara zama ba ya sauko da kuɗin sosai. Na yi shiru, ya ƙara saukowa. Wallahi saukowar nan ta fi ƙarin ɓata mini rai. Kuɗin da kiran waya ɗaya ke zaftare shi haka, dama can ba shi ne kuɗin aikin ba. An rubuta shi ne don wanda ba zai kira ba.

Kuma na san waɗanda ba za su kira ba, domin kullum ina cikin gidajensu. Akwai dattijon da nake zuwa wurinsa, ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, waya tana ba shi wahala. Katin kamfaninsa na cikin walat ɗinsa, yana alfahari da shekarun da ya yi da su, yana ganin sun san shi. Motarsa ba ta wuce kanti da asibiti. Irin takardun nan suna jibge a kan teburin kicin, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Mu a kasuwarmu tsohon abokin ciniki shi ake yi wa gyara, mai awo ya cika mudu ya ƙara masa da hannu saboda sabo. A nan sabon da ka yi da kamfani ne ake ci da shi. Ragin da ake jawo baƙo da shi, daga aljihun irin wannan dattijo yake fitowa.

Ba na musun cewa kaya sun yi tsada. Hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan inshora ya tashi daga kashi 6 a 2015 zuwa kashi 12 a 2017, ga mai, ga albashi, ga kayan gyara. Amma janwen da zai ɗauki sabon shiga da wanda zai ɗauke ni man da suke sha ɗaya ne.

Hukuma ma ta san da wannan ɗabi'a. A watan Satumban 2018 ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara kan haƙƙinsu ta kai ƙara gaban hukumar kula da gasar kasuwanci, tana cewa mutanen da ke zama da kamfani ɗaya a harkar waya, intanet, ajiyar banki, bashin gida da inshorar gida suna asarar sama da fam biliyan 4 a shekara. Daga baya hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta gano cewa a 2018 kaɗai mutum miliyan 6 sun biya kuɗin inshora fiye da kima. Daga 1 ga Janairun 2022 ta hana masu inshorar mota da ta gida su caji tsohon abokin ciniki fiye da abin da za su caji sabo. Sai dai wannan hani bai kai ga agajin hanya da mutum ya saya shi kaɗai ba, a gefe da inshorarsa. Ta wannan kafa ake bi. A ganina babu dalilin da zai sa a kare mutum a takarda ɗaya a bar shi a ɗayar, alhali mota ɗaya ce, direba ɗaya.

Akwai dai abubuwan da doka ta ba mu. Tun 2017 dole takardar sabuntawa ta nuna abin da ka biya bara kusa da abin da ake nema bana, don haka ka nemi wannan layi kafin komai. Kana da ikon hana su cirar kuɗi kai tsaye, kuma dole su sauƙaƙa maka hanyar yin hakan. Idan ma an riga an cire, akwai kwana 14 na janyewa, ko da yake suna iya riƙe wani abu. Idan ka kai kuka suka yi mako 8 ba su warware ba, akwai ofishin sasanta ƙorafin harkar kuɗi, kuma kyauta ne.

Kafin ka sauya, ka karanta abin da kake saya. Mafi arha yawanci yana tsayawa ne a gyaran gefen hanya da ja zuwa garejin da bai wuce kamar mil 10 ba, kuma ba ya zuwa in motar ta ƙi tashi a ƙofar gidanka sai ka ƙara kuɗi. Ga mai aiki irin nawa, wannan na ƙofar gida ya fi komai, don batir da sanyin asuba yake mutuwa. Ka kuma duba ko kana da shi ba ka sani ba: wasu asusun banki masu kuɗin wata suna haɗawa da shi, sabuwar mota ma takan zo da nata.

Ni dai ban karɓi ragin ba. Na ce wa ma'aikacin da muke waya da shi ya rubuta a fayil ɗina cewa ba aikin bakanikensu ne ya kore ni ba, takardar ofishinsu ce. Na koma wani ƙaramin kamfani da ke aiki da garejojin unguwanni, na hana cira kai tsaye tun ranar farko, na sa tuni a wayata wata guda kafin wa'adin ya cika. Dattijon nan kuwa na yi wa 'yarsa magana, ta ce za ta zauna da shi su kira tare ƙarshen mako.