Rumfa ko danga: wadda ta dace da kokwamba da soso

Hajiya, kin ce tsakar gidanki ba shi da faɗi, kina son shuka kokwamba da soso a daminar bana, kuma kin rasa wadda za ki kafa musu tsakanin rumfa da danga. Duka biyun na gwada su a bayan ɗakina, kuma kowace da shukar da ta dace da ita.

Danga ta fi sauƙi da arha. Dirka biyu ko uku za ki samu, a binne gindin kowace zurfin santimita 50, ta tashi kamar mita 2 a sama. A yi musu tanka da gora sama da ƙasa, sai a jera igiya a tsaye, taƙi ɗaya tsakani. Wurin da take ci bai wuce taku ɗaya ba. Kokwamba kuwa abin da take so ke nan, domin tana da 'yan siraran hannuwa da take miƙawa, da zarar sun taɓa igiya sai su nannaɗe. 'Ya'yan su sauko a miƙe, fes da su, ba su kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa sun ruɓe ba. Ganyen ma ya fi saurin bushewa bayan ruwa, cuta ta ragu. Wajen kwana 50 zuwa 60 kin fara tsinka.

Matsalar danga iska. Idan ganye ya rufe ta, ta zama tamkar zana a tsaye, iskar hadari na bugawa sai ta kwanta. Tawa ta farko haka ta yi cikin dare, na wayi gari na tarar da kokwamba da furanninta a cikin taɓo, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan nake sa mata tokara ta baya, ko in jingina danga biyu su haɗa kai a sama kamar bukka. Kada kuma a manna ta da bangon bulo, a bar mata hanyar iska, don zafin siminti yana ƙona ganye.

Rumfa aikinta ya fi yawa: dirka huɗu masu gwafa, azara ko gora mai kauri a gicciye, da fili kamar mita 2 kowane gefe. Amma soso ita yake buƙata. Yaɗonsa yana wuce mita 5, ga nauyi, kuma ba ɗanye za ki cire ba, sai ya bushe a jikin uwarsa, ɓawon ya yi ruwan ƙasa, kin girgiza kin ji 'ya'yan suna ƙara a ciki. Wata huɗu zuwa biyar ke nan daga shuka, yana rataye, igiya kaɗai ba za ta ɗauke shi ba. Ga inuwa da za ki samu ta wanke-wanke. Kokwamba a rumfa kuwa asarar gora ce, kafin ta kai rufin ta gama zamaninta.

Batun kayan aiki, kara kyauta ne bayan kaka, amma gara da ruwa ba sa barin sa ya wuce damina ɗaya, sai dai a yi tanka da shi. Reshen darbejiya ya fi jure gara, musamman in an babbake gindinsa kafin a binne. Wasu suna kafa zogale don ya tsiro a ci ganye, sai dai icensa ba ƙwari, ba zan ɗora masa soso ba. Igiyar rama nake so fiye da ta leda, don in an gama sai a kwashe ta tare da yaɗon a zuba a ramin taki.

Da ni ce ke, danga mai tokara zan yi wa kokwamba, in shuka soso gindi ɗaya ko biyu a jikin rumfa, in kina da ita a gida. Kada ki haɗa su wuri guda, soso zai hau kanta ya tare mata rana. Kuma ki kafa dirka tun kafin ki zuba iri, don haƙa rami daga baya yana datse saiwa.