Ziyarar Fas karon farko: ejan, tawaga, ko mutum ya shirya abinsa?

Tun da muka dawo daga Fas ni da kawuna, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni a ƙofar masallaci ko a Tsohuwar Kasuwa ya tambaye ni yadda ake zuwa ba. Yawanci ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani ce a ransu. Wasu kuma almajirai ne da ke son ganin Ƙarawiyyin da idonsu, a garin da marubucin littafin nahawun nan, Ajurumiyya, ya rayu ya rasu. Tambayar dai ɗaya ce: a ba ejan kuɗi, a shiga tawagar masu ziyara, ko mutum ya shirya abinsa?

Kafin a zo ga wannan, sai an san yadda garin yake kwance, don duk zaɓin da za a yi a kansa ya rataya. Fas tana cikin kwari ne a arewacin Maroko, Dutsen Zalag ya tsaya mata ta arewa, tsaunukan Atlas kuma suna can ta kudu. Gari uku ne a haɗe. Akwai Fas al-Bali, tsohon birnin da Idris na ɗaya ya fara kafawa a 789, ɗansa Idris na biyu ya raya shi. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276. Sai sabon gari na zamanin Faransawa, inda tashar jirgin ƙasa da manyan otal-otal suke. Abin da ya kai mu, wato zawiyar Shehu da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, duk suna can ƙasan kwarin, a tsakiyar Fas al-Bali, kuma mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu, jakuna da alfadarai ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak!" sai ka manne da bango. Mu da muka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wannan hawa da gangara ba mu sa shi a lissafi, alhali shi ne ke cin baƙo.

Ejan dai ban ba kowa shawararsa ba. Zai sauke ka a otal na sabon gari mai kyan hoto, kullum kana cikin tasi, ga ladansa a kan komai. Tawagar ziyara ta fi, musamman ga dattijuwar da ba ta jin Larabci kuma ba ta da mai raka ta, sai dai lokacinka ba naka ba ne: ana cewa a tashi za ka tashi, ko da yanzu zaman ya fara yi maka daɗi.

Ni abin da na fi so, kuma shi zan sake yi in Allah ya nufa, shi ne mutum biyu ko uku su shirya tafiyarsu da kansu. Ba wuya kamar yadda ake tsoratar da mutane. Ɗan Najeriya yana bukatar biza, ana nemanta a ofishin jakadancin Maroko da ke Abuja, da fasfo, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar kama masauki, da bayanin asusun banki. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato sai ka faɗa Legas, daga can Royal Air Maroc yana tashi kai tsaye zuwa Kasabulanka, tafiyar da ba ta kai awa biyar ba. Masu zagayawa ta Santambul ko Alƙahira don rangwamen tikiti, kwana suke ƙara wa kansu a kan benci.

Daga Kasabulanka zuwa Fas kuwa, jirgin ƙasa ne sarkin tafiya. Tashar tana nan cikin filin jirgin saman, ba sai ka fita waje direbobi sun yanyame ka ba. Ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, ka canja zuwa na Fas, kusan awa huɗu, ta Rabat da Ƙenitra da Maknas. Ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka yanki daraja ta ɗaya: kujera da lambarka, wurin ajiye jaka, ba cunkoso. Kawu, wanda rabonsa da jirgin ƙasa tun ana zuwa Ƙaurar Namoda a hau, bai runtsa ba, yana ta kallon gonakin zaitun da alkama ta taga har ƙasa ta fara tudu. Farashin tikitin a rubuce yake, ba ciniki, ba wanda zai dubi rigarka ya ƙara maka. Bas na CTM ma yana zuwa lafiya lau, amma bayan kwanan jirgin sama ƙafa tana son miƙewa. Jirgin sama na cikin gida kuma jiransa kaɗai ya kusa cinye abin da zai rage maka.

Masauki shi ne inda na ƙone, don haka a nan zan daɗe. Na kama mana ɗaki ta intanet a wani tsohon gida kusa da Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913, wadda kowa ke ɗaukar hoto a gabanta. Gida ne mai kyau, ba laifinsa. Abin da hoto bai nuna ba shi ne ƙofar tana saman gari. Da la'asar muka gangara ta babban lungun da suke kira Ɗala'a Kabira muna ta murna, muka yi magariba da isha'i a zawiya. Dawowar ce ta zama aiki. Kawu ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa, sai da muka zauna hutu a bakin shagunan mutane ban san sau nawa ba. Da muka iso kuma ɗakin yana hawa na uku, matakala kamar tsani. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ziyara ka kawo ni ko horo?"

Washegari muka koma wani ƙaramin gida a wajen Rasif, can ƙasan kwarin. Rasif fili ne da tasi da bas ke iya shigowa har bakinsa, daga nan zuwa Ƙarawiyyin da zawiya tafiyar 'yan mintuna ce, hawan kuma kaɗan ne. Daga ranar salla biyar a jam'i muke yi, asuba ma ba ta wuce mu. Irin gidajen nan, da suke kira riyad ko dar, gini ne da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, daga waje ƙofa ce kawai a jikin bango, a ciki sai ka ga ado har rufi. Da safe ana kawo shayi mai na'ana'a da burodi da zaitun da zuma. Mai gidan shi ya zana mana hanya a takarda, shi ya faɗa mana kuɗin da ya kamata mu ba mai amalanke. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa masaukin tambaya uku: tafiyar minti nawa ce daga inda mota ke tsayawa, ɗakin yana hawa na nawa, kuma akwai abin ɗumama ɗaki? Ta ukun ba wasa ba ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ruwan sama, tsofaffin gidajen nan kuma an gina su ne don su riƙe sanyi. Hunturunmu na Sakkwato ko kusa bai kai shi ba. Yuli da Agusta zafi ne da Basakkwace ba zai ji baƙonsa ba, amma hawan tudu a cikinsa wani abu ne daban. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba, su suka fi.

Yanzu ga maganar 'yan damfara, kuma tun daga gida suke farawa. Duk wanda ya ce ka kawo fasfo da kuɗi gaba ɗaya, yana da "mutum a ciki" da zai fito maka da biza cikin kwana biyu, ka riƙe fasfonka. Wanda ya turo maka hoton tikiti a WhatsApp, ka karɓi lambar tikitin ka duba a shafin kamfanin jirgin da kanka, don akwai kama kujera da ba a biya ba, takarda ce mai kama da tikiti, bayan 'yan kwanaki ta mutu.

A can kuma, tun daga bakin ƙofar birni samari za su rufa maka baya. Suna ganin babbar riga da hula sun san inda ka dosa: "Tijani? Zawiya? Nijeriya?" Wani zai ce hanyar gabanka a rufe take, wani ya ce shi ɗalibi ne, don Allah zai raka ka. Hanya ba ta rufe ba, rakiyar kuma ba ta Allah ba ce. Namu ya ce zawiya zai kai mu, sai ga mu a saman benen wani shagon fata muna leƙen majemar Shuwara, an danƙa mana ganyen na'ana'a mu toshe hanci. Majemar abin kallo ce, ban musa ba: ramuka jere, wasu farare da ruwan farar ƙasa da kashin tattabara, wasu ja da rawaya da ruwan rini, majema tsundum a ciki har cinya. Amma saukowa sai ta cikin shago, kuma duk abin da ka saya akwai kason wanda ya kawo ka a ciki. Jagora na gaskiya yana da katin shaida na hukuma, masaukinka zai samo maka shi, a yanke kuɗi tun kafin a fita, ka kuma gaya masa ba kasuwa ka zo ba. Rana ɗaya ta isa, washegari ka san hanya.

A shagon nan ne suka taɓo inda ba a taɓawa. Kawu tsohon dillalin fata ne, a cikin kiraga ya girma. Mai shago ya ɗauko jaka ja yana rantsuwa fatar akuya ce jimar hannu. Kawu ya sansana, ya juya cikinta, ya kai farce ya ɗaga bakin ɗinki, sai ga yadi manne a bayan "fatar". Ya ajiye ya ce mini, "Wagga ba hwata ba ta, leda ta." Abin dariyar shi ne fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ce ayari ke ƙetarawa da ita Sahara shekaru aru-aru, Turawa suna saye daga tashoshin arewa suna kiranta fatar Maroko. Fata ta gaske tana nan a Fas, mai kyau ƙwarai, amma ka duba bayanta: ya zama gashi-gashi, ba saƙa ba. Idon fatar kada ya zama iri ɗaya sak ko'ina, in ka ɗiga ruwa kuma ta sha a hankali. Kada wasan kunna ashana a jikinta ya ruɗe ka, hannu ne mai sauri. Mai cewa ta raƙumi ce don ya ninka kuɗi, ka yi masa murmushi ka wuce. Haka za'afaran mai arha, haka man argan da ake tallansa a lungu ba hatimi.

Har a hanyar zawiya sai da wani mai farar alkyabba ya tare mu, ya ce shi sharifi ne, a ba shi hadiyya ya shigar mana da ita. Shehu ya zauna a Fas tun 1798 har rasuwarsa a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar, ƙofa a buɗe take ga kowane Musulmi, ba kuɗin shiga, ba dillali. Mai niyyar hadiyya ya shiga ciki, ya zauna, ya ga masu hidimar wurin da idonsa tukuna.

Canjin kuɗi a yi shi a banki ko shagon canji mai allon farashi, a tafi da dala ko yuro, don naira ba ta da kasuwa a can. Ƙananan tasi na Fas jajaye ne kuma suna da mita. In direba ya ce ta lalace, ka sauka ka tari na bayansa. Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke, kada ka bar sayen tsaraba sai ranar. Kwana huɗu sun ishe ka ziyara, da makarantar Bu Inaniyya da ta Aɗɗarin, da hawa tudun kaburburan Banu Marin da yamma a tasi, inda za ka ga birnin duka kwance a cikin kwarinsa ana kiran magariba. Takalmi kuma ka zo da mai kama ƙafa, don Kawu da fed ɗinsa ya zo, sai da muka saya masa kambas a rana ta biyu.