Benzhexol ya tsayar da rawar hannun Baba, amma ya kwanar da mu a asibiti

Kafin mu san ciwo ne, mutanen unguwa sun ɗauka Baba zikiri yake yi. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, hannun dama a kan cinya, babban yatsa yana murza manuniya kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Sai da shayi ya fara zubewa kafin kofi ya isa baki, rubutun allon da ya yi shekara 40 yana yi wa yara ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa, sannan muka kai shi asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sa shi ya yi tafiya a cikin ofis, ya lanƙwasa masa hannu ya ji yadda yake cijewa, ya ce cutar Parkinson ce, irin wadda Muhammad Ali ɗan dambe ya yi fama da ita. Ƙarshen 2023 ke nan, Baba yana da shekara 68.

Babban maganin cutar shi ne levodopa da ake haɗawa da carbidopa, wanda aka fi sani da Sinemet. Duk mai sayensa ya san abin da yake ci a wata, ba sai na faɗa ba. Da likita ya ga halin da muke ciki, ga shi rawar hannu ce ta fi damun Baba, sai ya ce a fara da benzhexol, wanda a wasu kwalayen za ka ga an rubuta trihexyphenidyl. Ya bayyana mana cewa a ƙwaƙwalwa akwai sinadarai biyu da ke riƙe da motsin jiki kamar sikeli, dopamine da acetylcholine. Cutar tana kashe ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ke samar da na farkon, sai na biyun ya rinjaya, shi kuma wannan magani danne na biyun yake yi. An fara da rabin ƙwaya, miligiram 1 a rana, ana ƙarawa bayan kwana uku zuwa biyar, har aka tsaya a kan miligiram 2 sau uku.

Wallahi a makonnin farko ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Ranar da na shigo na tarar da Baba ya tsoma alƙalami a tawada yana rubuta wa jikansa Ƙulhuwallahu a allo, layi a miƙe, sai da na koma zaure na share hawaye. Wuyansa da ya sandare ya saki, miyau ya daina zuba a kan rigarsa. Nauyin tafiyar da jan ƙafar dai ba su canza sosai ba, amma likita ya riga ya gaya mana ba nan ne ƙarfin maganin yake ba. Ga arha. Da a lokacin aka ce in ba shi maki, goma bisa goma zan ba shi.

Abin da ya fara ɓata min rai shi ne sayensa. Wannan ita ce ƙwayar da yaran gari suke kira ezol, suna sha don su bugu, wadda hukumar NDLEA take yawan kamawa tare da tiramadol. Saboda haka in ka shiga kemis ka ambaci sunanta, sai a kalle ka sama da ƙasa. Wani ma cewa ya yi babu, bayan ina hangen kwalin a bayansa, ga takardar likita a hannuna. Na yarda a tsaurara, don na ga abin da ƙwaya ta mayar da samarin layinmu, amma wanda ya zo da takarda da katin asibitin mahaifinsa bai cancanci wannan kallon ba.

A azumin 2024 ne abin ya faru, wajen goman ƙarshe, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Mun yi da Baba ya ajiye azumi a ciyar, tunda Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame. Ya ce tunda ya balaga bai taɓa sha ba, ba kuma yanzu zai fara ba. Sai ya tsara wa kansa shan maganin: ƙwaya biyu da sahur, ɗaya bayan buɗe baki. Ni kuma ban koma na tambayi likita ba, wannan laifina ne. Ana cikin haka maganin ya ƙare, na aiki ƙanena kemis. Ba su da mai miligiram 2, sai yaron shagon ya juye masa mai miligiram 5 a 'yar farar leda, ba kwali, ba rubutu, bai kuma ce masa uffan ba. Ƙwayar ƙarama ce fara, wa zai bambance? Baba ya ci gaba da shan uku a rana, wato daga 6 ya koma 15, goma daga ciki a lokaci guda da asuba, sannan ya wuni ba ruwa. Ga mura ta kama shi, Hajiya ta ba shi firiton don ya samu barci.

A dare na uku bayan tarawi, ba wuta, kowa yana tsakar gida yana fifita, gumi sharkaf. Baba ya fara magana da ƙofar ɗaki. Yana cewa a shimfiɗa wa Yaya Malam tabarma, ga shi nan tsaye tun ɗazu. Yayan nasa ya rasu tun ina firamare. Can kuma ya hau tsintar wani abu a kan bargo, wai ƙwari ne ke bin sa. Hajiya ta sa salati, ƙanwarsa ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ni ma zuciyata can ta tafi, har sai da na sa hannu ta wuyan rigarsa zan tayar da shi. Bayansa zafi zau kamar kwanon rufi da rana tsaka, kuma a bushe ƙayau, ko ɗigon gumi babu. Leɓɓansa sun tsage, harshe ya manne. Na haska idonsa da fitilar waya, baƙin ya buɗe sosai. Na taɓa mararsa, ta kumbura ta yi tauri, ya yi ƙara. Ashe tun safe yake shiga banɗaki yana fitowa ba fitsari, kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

A Keke Napep muka kai shi, kansa a kafaɗata. Aka sa masa robar fitsari, jakar ta cika nan take. Aka ɗaura ƙarin ruwa, ana goga masa jiƙaƙƙen tawul. Likitan da ke bakin aiki ta ce in kawo duk abin da yake sha. Da aka gano ƙarfin ƙwayoyin da ke ledar, ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya ba ku wannan?" Ita ce ta zaunar da ni ta warware min komai. Sinadarin da maganin yake dannewa shi ne kuma yake sa gumi, da miyau, da motsin hanji, da matsewar mafitsara. Shi ya sa baki ke bushewa, bayan gida ke tauri, gani ke dishi-dishi, fitsari ke riƙewa, musamman ga dattijon da dama furostet ɗinsa, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, ya fara kumbura. A tsofaffi yana rikita tunani har su riƙa ganin abin da babu. Firiton kuma hanya ɗaya suke bi, ya ƙara masa ƙarfi. Ta tambaya ko an auna masa hawan jinin ido kafin a fara, domin mai wani nau'in wannan ciwon ido, wato gilakoma, in ya sha zai iya rasa ganinsa. Ba wanda ya taɓa ambata mana wannan.

Nan ne raina ya ɓaci da gaske. Wata huɗu muna karɓar maganin nan, ba wanda ya ce mana ku kiyaye shi da zafi, a ƙasar da rabin shekara rana ce. Ba wanda ya ce kada a haɗa da maganin mura. Yaron kemis ya ninka wa tsoho magani fiye da sau biyu kamar mai auna gyaɗa. Kwana uku muka yi a gadon asibiti, kuɗin da muka kashe ya shanye duk arhar da nake ta yabo.

Da muka dawo gida Hajiya ta ɗauki ledar za ta watsa a masai, ta ce ba za a sake shigo mata da wannan ƙwaya gida ba. Na fahimce ta, ni ma haka nake ji. Amma an gargaɗe mu cewa ba a yanke shi lokaci guda, in aka yi haka rawar da sandarewar suna dawowa fiye da da. A hankali aka sauko da shi, 'yan'uwa muka haɗa kuɗi aka fara masa levodopa, benzhexol kuma ya koma miligiram 1 safe da yamma. Idon an auna, lafiya lau.

To me zan ce a kansa yanzu? Yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Hannun Baba bai taɓa nutsuwa kamar yadda ya nutsu a kansa ba. Amma ba zan ce wa kowa ya sayo wa mahaifinsa don ya ji labarinmu ba, balle ba kowace rawar hannu ce Parkinson ba. In tsoho ne da ya haura 65, ko mai wahalar fitsari, ko wanda ya fara mantuwa, a tambayi likita ƙarara ko akwai wani zaɓi. Ni dai yanzu ba na karɓarsa sai a cikin kwalinsa, ina karanta lambar da idona a gaban mai shago, kuma ni nake raba ƙwayar da reza in zuba a ƙaramin gwangwani na mako guda. Da zafi ya shigo, tabarmar Baba tana komawa zaure, buta cike da ruwa a gefensa, da lemon tsami ko alewa don bushewar baki.

Azumin da ya biyo baya bai yi ba, an ciyar. Sai da limamin unguwarmu ya zo har gida ya zauna da shi kafin ya yarda, kuma har aka yi Sallah bai daina tambayata ko da gaske an kai abincin ba.