Shekara biyu da sarƙoƙin lu'ulu'u biyu: na Japan da na Sin

Shekara biyu ke nan da na je Dubai sayayyar kayan bikin 'yata ta fari. Zinariya ta kai ni kasuwar Deira, amma a wani shago idona ya faɗa kan jerin sarƙoƙin lu'ulu'u, na kasa wucewa. Guda biyu na ɗauko: ta irin lu'ulu'un da ake kira Akoya, na ruwan tekun Japan, wadda na ba amarya, da ta ruwan daɗi daga ƙasar Sin, wadda na riƙe wa kaina. Kuɗin ta amarya ya ninka na tawa kusan sau huɗu.

Dukansu na kiwo ne, kamar kusan duk lu'ulu'un da ke kasuwa a yau. Kada a ji "kiwo" a ɗauka jabu ne. Kawa ce ke yin sa a cikin ruwa, mutum dai shi ke cusa mata wani ɗan abu don ta lulluɓe shi. Wani Bajapane, Kokichi Mikimoto, ya fara cin nasarar wannan dabara a 1893.

Ranar ɗaurin aure, Akoya ta yi abin da aka saye ta dominsa. Ƙwayoyin milimita 7 ne, zagayayyu, kansu ɗaya, ga sheƙi har kina iya hango inuwar fuskarki a jiki. Tawa kuwa idan aka lura za a ga wata ƙwayar ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, hasken ma mai laushi ne, ba ya ɗaukar ido daga nesa.

Bayan shekara guda da 'yan watanni yarinyar ta zo gida da sarƙar a hannu, ranta a ɓace. "Umma, dubi yadda ta koma." Ƙwayoyin da ke kwanciya a bayan wuya sun dusashe, biyu daga ciki sun fara ɓarewa a bakin huda. Na tambaye ta yadda take sakawa. Ashe sai ta ɗaura sarƙar sannan ta shafa humra ta fesa turare. Lu'ulu'u ba ya shiri da turare, haka ma gumi, mu kuma ba mu fita unguwa babu ƙamshi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni ya kamata in gaya mata tun ranar farko.

Duk da haka, ba turaren kaɗai ba ne. Akoya ɗan ƙwallon ɓawo ake saka wa kawar, rufin da take yi a kansa yawanci bai kai milimita 1 ba. Irin na ruwan daɗin da na saya kuwa ɗan yankin tsoka ake dasawa, don haka kusan duk ƙwayar rufi ce tun daga waje har ciki. Kawa ɗaya kan ba da ƙwaya sama da 20, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi, kuma garin Zhuji a lardin Zhejiang shi ne babbar kasuwarsa. Tawa na je da ita biki, suna, walima, cikin zafin bazara, har yau ba ta ɓare ba. Ita ce ta ƙarshe da nake sakawa, ita ce ta farko da nake cirewa, in goge da ƙyalle mai taushi.

Akwai wasu iri biyu na lu'ulu'u da na riƙe a hannu kawai, ban saya ba. Na tsibirin Tahiti mai duhu ne, da ɗan kore-kore a ciki kamar gashin ɗawisu. Na Tekun Kudu, daga Ostareliya, Indunusiya da Filifin, su ne manya, fari ko ruwan zinariya, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Wadda aka tallata wa baƙin lu'ulu'u da araha da sunan Tahiti ta leƙa cikin hudar, sau da yawa na ruwan daɗi ne aka rina.

Ƙanwar amarya ma an sa ranarta. Ita na ruwan daɗi zan saya mata, zagayayye mai kyan sheƙi, kuma sai na fito da shi bakin ƙofar shago na gan shi a hasken rana, domin fitilun shago suna ƙara wa kowace ƙwaya kyau. Akoyar yayarta tana wurin mai gyara, zai cire ƙwayoyin da suka lalace ya sake shirya ta a zaren siliki, da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta.